Ada Foah da ƙananan yara: inda za su shiga ruwa da inda za su tsaya kallo

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna zaune a Nima, cikin Akra. Bayan ƙaramar Sallah muna so mu fita shaƙatawa da yara huɗu, babbar shekararta 12, autan kuma shekara 3, har da surukata wadda ƙafa ke damunta. Duk cikinmu maigida ne kaɗai ya ɗan iya iyo. An ba mu shawarar Ada Foah, wai ruwan can a kwance yake, ba kamar bakin tekun Labadi na Akra ba. Gaskiya ne? Wurin ya dace da yara? Me ya kamata mu sani kafin mu tashi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kai mu Sallar da rai da lafiya, ya ba Inna sauƙin ƙafa. Kai iyalai da 'yan makaranta bakin ruwa sana'ata ce, don haka abin da nake faɗa wa duk uwar da ta zo mini da irin wannan tambaya shi zan faɗa miki.

Wanda ya ba ku shawarar bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya faɗa. Ada Foah tana daidai inda kogin Volta ya ƙare tafiyarsa ya faɗa Tekun Atlantika, saboda haka ruwa uku ne a wuri guda, kowanne da halinsa. Daga ƙauyen masunta na Azizanya akwai wani siririn tudun rairayi mai itatuwan kwakwa da ya miƙe gabas. Idan kika tsaya a kansa, kogi yana arewa da ke, teku yana kudu, kuma a wasu wuraren tafiyar 'yan mintuna ce tsakaninsu. Can ƙarshen tudun shi ne bakin kogin, inda ruwan biyu suke gamuwa. Kogin yara za su iya shiga, bisa sharuɗɗan da zan kawo. Tekun na kallo ne da jiƙa ƙafa. Bakin kogin kuwa ba na kowa ba ne, har da maigida da ya ɗan iya iyo.

Bari in fara da tekun, domin shi yara za su ruga wa da gudu. Tekun Ada bai fi na Labadi sauƙi ba, a wasu ranakun ma ya fi shi faɗa. Gaɓar tana da gangare, igiyar ruwa tana tasowa ta fashe dab da ƙafar mutum, sannan ta koma da ƙarfi tana kwashe rairayin da yake tsaye a kai. Babba sai ya dage yake iya tsayawa, yaro ɗan shekara 3 kuwa igiya ɗaya ta isa ta kayar da shi ta ja shi. Akwai kuma abin da ya fi wannan sharri. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya nemi hanyar komawa, sai ya tattaru a wata ƙunƙuntar hanya ya riƙa gudu zuwa cikin teku. Wurin da wannan hanya take yakan yi kamar ya fi ko'ina lafawa, babu farin kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu, sai baƙo ya ce ga wurin wanka. Kallon kitse yake yi wa rogo. Kusa da jerin duwatsun da aka jibge don tare zaizayar gaɓa ma ana samun irin wannan ja, don haka kada yara su hau kansu, kada su yi wasa a gindinsu. Kuma kada ki sa rai za ki tarar da masu ceto a zaune suna gadin gaɓar teku. Ki ɗauka babu, ki yi shirinki a kan haka.

Abin da nake yarda da shi a ɓangaren teku shi ne yaro ya tsaya inda kumfa ke ƙarewa, ruwa iya idon sawu, hannunsa cikin hannun babba, fuskokinsu suna kallon teku. Ba a juya wa teku baya, ko don ɗaukar hoto. Wannan ya ishi yaro murna, ki yarda da ni.

Bakin kogin shi ne wurin da masu jirgi za su yi muku tayin kaiwa, kuma ya cancanci gani: launin ruwan kogi daban, na teku daban, ga tsuntsaye, ga jiragen masunta masu fenti suna neman hanyar shiga. Amma a ƙafa za ku gan shi, daga kan rairayi, nesa da gefe. Rairayin ƙarshen tudun ruwa ne ke cin gindinsa, yana iya zaftarewa da mutum, kuma taku biyu daga gaɓa zurfi ne mai gudu. Masuntan da aka haifa a nan ma sai sun karanci igiya kafin su ratsa wurin. Idan mai jirgi ya ce zai matsa da ku har inda igiyoyi ke fashewa don yara su ji daɗi, ki ce masa a'a, kuma kada ki ji kunyar faɗa da ƙarfi.

To, sai kogin, wanda dominsa ake zuwa Ada da yara. Ruwansa babu igiya, gefensa rairayi ne mai laushi, akwai wuraren da yaro zai zauna ruwa bai wuce cibiyarsa ba. Sai dai rashin igiya ba ya nufin ruwan a tsaye yake. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana, kusan awa shida yana kawowa, kusan awa shida yana komawa, kuma lokacin yana jinkirta da kamar minti 50 kullum. Idan teku yana cika, yakan turo ruwan gishiri cikin kogin, gudun kogin ya ragu har ya tsaya na ɗan lokaci. Idan ya fara janyewa kuwa, ruwan kogi da ruwan da teku ya turo duk sai su juya su nufi baki tare, kuma a lokacin ne ja ya fi ƙarfi. Saman ruwan zai ci gaba da sheƙi kamar ba abin da ke faruwa. Bambancin cika da janyewa a gaɓar Gana bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba, amma a faffaɗan kogi irin Volta wannan ruwa ne mai yawan gaske da zai fita ta ƙofa ɗaya.

Don haka lokacin wankan yara shi ne awa ɗaya ko biyu na ƙarshen cikowa, zuwa sa'ad da ruwan ya tsaya. Da kin ga ya juya, wanka ya ƙare, a koma ginin rairayi. Gane hakan ba wuya. Ki dubi jiragen da aka ɗaure: goshinsu yana fuskantar inda ruwa ke fitowa. Ko ki jefa ɓawon kwakwa ki ga inda ya nufa da saurin da yake yi. Idan ya nufi teku da saurin da ya kai tafiyar mutum, kada kowa ya shiga. Kowane mai jirgi ya san lokacin cikar ranar, kuma ana samun jadawalin cikar teku na Tema a waya, bambancinsa da Ada kaɗan ne.

Ga wani abu da ya shafe ku kai tsaye. Ƙarfin cika da janyewa yana bin wata ne. A kwanakin farko na wata, da kuma wajen sha huɗu zuwa sha shida, cikar ta fi yawa, janyewar ta fi gudu. Wajen bakwai zuwa tara ga wata, da ashirin da biyu zuwa ashirin da huɗu, ruwan ya fi sanyin hali. Ƙaramar Sallah kuwa ɗaya ga Shawwal ce. Ke nan ranar Sallah da kwana biyu ko uku bayanta, lokacin da mutanen zango suka fi cika bakin ruwa, su ne daidai ranakun da jan ruwa ya fi tsanani. Da ni ne ku, sai in bari Sallah ta kwana bakwai ko takwas. Ruwa ya lafa, jama'a sun ragu, masu azumin sitta Shawwal ma sun sauke.

Ko a lokacin da ya dace, maigida ya fara shiga shi kaɗai ya taka wurin da ƙafa, ya gano inda tudun rairayin ya ƙare, domin ƙasan kogin ba a hankali yake gangarawa ko'ina ba. Akwai inda za ka yi ta tafiya ruwa iya gwiwa, taku na gaba ka zurma. Idan ya gano iyakar, sai ya tsaya a nan, bayansa ga zurfi, fuskarsa ga yara, su kasance tsakaninsa da gaɓa. Autan kada ya yi nisan da hannu ba zai kai gare shi ba. Sauran kada ruwa ya wuce ƙugunsu. Kuma ku zaɓi wurin da ba hanyar jirage ba ce, domin a ƙarshen mako ƙananan jirage masu gudu da baburan ruwa suna yawaita gaban manyan wuraren shaƙatawa, kuma ba kowane matuƙi ne yake hango kan yaro a ruwa ba.

Zan ɗan daɗe a kan maganar sa ido, Hajiya, domin nan ne iyalai masu hankali suke yin sakaci ba da saninsu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka rasu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yaron da yake nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu yana kira. Bakinsa yana shiga ruwa yana fita, numfashin da zai yi kira da shi ma babu, kuma abin ba ya ɗaukar minti ɗaya. Yawan manya a wurin ba kariya ba ne, sau da yawa ma shi ne matsalar, don kowa yana zaton wani ne yake kallo. Ku sa mutum ɗaya ya zama mai gadi, a ambaci sunansa kowa ya ji. Ba waya a hannunsa, ba hira, ba zuba abinci. Bayan minti 15 ko 20 ya miƙa wa wani, shi ma da baki: "Na ba ki gadi." Idan lokacin salla ya yi ko za a ci abinci, yara su fito gaba ɗaya. Kada a ɗora wa 'yar shekara 12 gadin ƙannenta a ruwa, ita ma yarinya ce, kuma idan ƙaninta ya zurma bin sa za ta yi. Inna kuwa a ba ta kujera a inuwa inda take hango jikokinta, amma kada a lissafa ta cikin masu gadi, tunda ba za ta iya tashi da sauri ba.

Robobin hurawa da ake sayar wa yara, zobe ne ko agwagwa ko na dantse, kayan wasa ne, ba kayan ceto ba. A kogi mai gudu ma su ne suke ɗaukar yaro su yi nisa da shi. Ku bar su a gida.

Sai tufafi, wanda ya shafe ki da babbar 'yarki. Abaya da zani da dogon hijabi idan suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafa, su rufe fuska. Sutura da tsaro ba sa karo da juna: dogon wando mara faɗi, riga mai dogon hannu da ta sauko gwiwa, da ƙaramin hijabi da ake cusawa cikin wuyan riga, duk na yadi mara nauyi. Dogon hijabin ya jira ki a gaɓa. Yara su sa takalmin roba, domin akwai ɓawon kawa mai kaifi da fasassun kwalabe a wasu wuraren.

Akwai kuma maganar da masu tallan wurin ba sa son tayarwa, wato tsargiya. Kafin a gama madatsar Akosombo a 1965, Volta yana ambaliya kowace shekara ya wanke kansa, da rani kuma ruwan gishiri ya hau can ciki. Da aka tare shi, aka kuma ƙara madatsar Kpong a 1982, gudunsa ya zama ɗaya duk shekara, rairayi ya taru a baki ya rage shigar ruwan teku, ciyawar ruwa ta yaɗu, ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya suka samu gida. Abin da ya sa Hukumar Kogin Volta ta shiga yashe bakin kogin tun 1990 ke nan, don ruwan gishiri ya riƙa shiga, tunda dodon koɗin ba ya rayuwa a cikinsa. Ma'anar wannan gare ku ita ce, kusa da baki, a kan farin rairayi, lokacin da teku ya cika, hatsarin kaɗan ne. Can sama wajen tsibirai, da ƙananan rafuka, da duk inda kika ga ciyawa a ruwa mara motsi, hatsarin ya fi yawa, kuma nan ba wurin wanka ba ne ko da kin ga yaran garin suna ciki. Ki ɗanɗana ruwan a fatar baki, in babu gishiri ko kaɗan, ki yi hattara. Ƙwayar ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba, kuma goge jiki da tawul ba ya ba da tabbaci. Idan bayan makonni yaro ya yi zazzaɓin da gwaji ya nuna ba na sauro ba ne, ko bayan wata biyu zuwa uku aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa, a kai shi asibiti a faɗa wa likita cewa ya shiga Volta. Maganinta praziquantel, yana aiki sosai. Tsohon zancen nan na cewa jini a fitsarin yaro alamar balaga ce ba gaskiya ba ne, cuta ce, kuma in aka bar ta tana lalata mafitsara. Idan zuciyarki ba ta kwanta ba, ku zaɓi masauki mai tafkin wanka na yara, kogin ya zama na yawo a jirgi. Ba ku yi asarar komai ba.

Shiga jirgi shi ne abin da yara za su fi tunawa. Ana zagaya tsibirai irin su Pediatorkope da Azizakpe, a ga masu saƙar tabarma, da masu nutso suna ɗebo kawar kogi, da gidajen da ke bakin ruwa. Sharaɗina ɗaya ne kuma ba na sassauta shi: rigar ceto ga kowa, a jiki, a ɗaure, kafin a kunna inji. Ta manya ba ta yi wa yaro, zamewa yake yi ta ƙasa. Ki gwada ta haka: ki sa masa, ki ɗaure, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga. In ta haura kunnuwansa ta yi masa yawa. Masu jirgi da yawa ba su da ta ɗan shekara 3, don haka ki saya wa autan tasa a Akra, irin mai maɗauri tsakanin ƙafafu. Ku ɗauki shatar jirgi ku kaɗai in da hali, kada ku shiga wanda aka cika maƙil. Ku yi ciniki tun a tudu: kuɗin na jirgi ne ko na kowane kai, zuwa ne kawai ko har da dawowa, awa nawa. A ba da rabi, sauran sai an dawo, kuma ki karɓi lambar wayarsa. Ku fita da safe. Daga Maris zuwa Yuni hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi cikin ɗan lokaci, in kun ga gabas ta yi baƙi ku nemi tudu mafi kusa. Ko yaya dai, ku kasance a ƙasa kafin magariba. Inna kuma a nemi wurin da ke da matakalar katako a shigar da ita, kada a sa ta taka ruwa ta haura gefen kwalekwale.

Hanya ba ta da wahala. Daga Akra kilomita ɗari ne da 'yan kai. Za ku bi babbar hanyar Tema, ku ɗauki hanyar Aflao ta Dawhenya da Sege har Kasseh, nan za ku karya dama, ku wuce Big Ada, ku isa Ada Foah bayan kamar kilomita 20. Awa biyu ce in hanya ta yi kyau, amma cunkoson Tema zuwa Dawhenya yana iya ƙara muku awa guda, don haka ku tashi bayan sallar asuba. In babu mota, ana samun motocin haya na trotro a Tudu da Ashaiman. Wanda ya taso daga Najeriya ta Legas da Kwatano da Lome kuwa, bayan ya haye gadar Sogakope zai iso Kasseh tun kafin Akra. Kasuwar Kasseh tana ci Talata da Juma'a, kuma yankin ya yi suna da kankana da tumatir, ku tsaya ku yi guzuri. Ku riƙe tsabar sidi, ba kowane mai jirgi ko mai kifi ne zai so a tura masa ta waya ba.

Wurin sauka iri uku ne. Akwai manyan wuraren shaƙatawa a bakin kogi, irin su Aqua Safari da Treasure Island, masu tafkin wanka da wasannin yara, su ne masu tsada. Akwai matsakaitan masaukai cikin gari. Akwai kuma bukkokin ganyen kwakwa can kan tudun rairayi kusa da baki, waɗanda sai da jirgi ake zuwa, daɓensu rairayi, wuta da ruwan famfo ba tabbas. Na ukun sun fi kyan gani da arha, amma ban ba ku shawarar kwana a can ba. Ɗan shekara 3 a bukkar da ruwa ke gabanta da bayanta, da tsohuwa mai ciwon ƙafa, da dare babu mota, wannan ba hutu ba ne gare ki. Ku sauka inda mota take kaiwa ƙofa, ku je tudun da rana ku dawo. Ku nemi ɗakin ƙasa saboda Inna, wanda ƙofarsa ke da sakata sama da inda hannun auta yake kaiwa. Sauro yana da yawa a bakin kogi, ku tafi da gidan sauro da maganin shafawa.

Game da natsuwa, Asabar da Lahadi da ranakun hutu irin su Ista, 6 ga Maris da 26 ga Disamba wurin na matasa ne, da kiɗa mai ƙarfi da giya da shigar da ba za ki so yara su yi ta kallo ba. Makon farko na Agusta kuma bikin Asafotufiami ne na mutanen Ada, ana harba bindigogin gargajiya, gari ya cika ya batse. Litinin zuwa Alhamis kuwa sai ku ga kamar ku kaɗai ne. Ranar Talata masuntan teku ba sa fita bisa al'ada, saboda haka in kuna son ganin jan koma da sayen ɗanyen kifi, ku zaɓi wata ranar. Satumba da Oktoba kuma a saurari labarai kafin a tafi: a 2023 an saki ruwa daga Akosombo tun 15 ga Satumba, ya mamaye garuruwan da ke ƙasa, Mepe ta fi kowa shan wahala. In ana sakin ruwa, ba lokacin kai yara kogi ba ne.

Abinci ba zai ba ku matsala ba in kun tsaya ga kifi: gasasshiyar karfasa da banku, dokunu da soyayyen kifi, ƙaguwa, jatan lande, da kawar kogi da ake soyawa a tsire a tsinke. A mazhabar Malikiyya duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne. Ki tabbatar dai an dafa shi ya nuna, kuma ki tambaya ko a kan waya ɗaya ake gasa kifi da naman alade. Nama kam gara ki taho da naki daga gida. Ku riƙe ruwan sha mai yawa, domin a 'yan shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa tsakanin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya fi tsanani a kudancin Gana, kuma iskar teku tana hana mutum jin yadda rana ke cin sa. Daga sha ɗaya zuwa uku yara su zauna a inuwa. Salla kuma, ku tafi da tabarma da buta. Ruwan teku mai tsarki ne, hadisi ya tabbatar ana alwala da shi. Alƙibla daga Ada gabas ce mai karkata arewa: ki sa teku a hannun damanki, sannan ki ɗan juya hagu.

Akwai abubuwan da zan so babbar 'yarki ta gani. Turawan Denmak sun gina ganuwar Kongenstein a nan a 1783, yau teku ya cinye kusan dukkanta, kamar yadda ya ci gidaje da tituna na tsohon garin, kuma wannan zaizaya ce ta sa aka jibge duwatsun da na ambata. Yamma da garin akwai tafkin Songor, inda ake ɗibar gishiri tun zamanin kakanni, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren da take karewa a 2011. Wannan gishiri yana da alaƙa da mu. A kwalekwale ake haurawa da shi ta Volta zuwa Kete Krachi, daga nan ya shiga hannun fatake, cikinsu har da Hausawan da ke fataucin goro a Gwanja. A Kete ɗin ne babban malami Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna har ya rasu a 1934, kuma tsohon garin yanzu yana ƙarƙashin tafkin Volta. Ki faɗa mata wannan tana tsaye a bakin kogin, zai zauna mata fiye da yadda za ta karanta a aji. Kunkurun teku ma suna fitowa gaɓar Ada da dare su yi ƙwai, har da irin da ya fi kowanne girma a duniya, amma lokacinsu ya fi ƙarfi daga Nuwamba zuwa Fabrairu. In kun sake zuwa a lokacin, ofishin kula da namun daji na garin yana shirya fita da jami'ansa. Ba a haska su da farar fitila, ba a taɓa ƙwan, doka ta hana.

Mutanen wurin Dangme suke ji, masunta ne da manoma, kuma gaɓar nan wurin neman abincinsu ne. A gaishe su, a nemi izini kafin a ɗauki hotonsu, kada yara su hau jiragensu ko su taka komarsu. Za ku tarar da robobi da ledoji da teku ya watso a wasu sassan, abin yana ɓata mini rai duk sa'ad da na gani. Ku tafi da buhu ku dawo da sharar ku.

Saura abin da ba ma fata, amma dole maigida ya ji shi, ke ma ki ji. In wani ya zurma, wanda bai ƙware ba kada ya bi shi, haka ake rasa mutum biyu a maimakon ɗaya. A yi ihu a kira masu jirgi, a miƙa masa sanda ko zani daga tudu, ko a jefa masa abin da ke yawo a ruwa. Jarka babu komai a ciki, murfinta a rufe, ɗaure da doguwar igiya, ita ce kayan ceto mafi arha, ku ajiye ɗaya kusa da mai gadi. Wanda ruwan teku ya ja kada ya yi kokawa da shi, ya kwanta rigingine ya bar kansa ya taso, ya ɗaga hannu ɗaya, in ya iya iyo ya bi gefe a tsawon gaɓa har ya fita daga hanyar jan. In an fito da yaro ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen danna cikinsa ko juya shi ƙafa sama don ruwa ya fita. A kwantar da shi, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa, wani kuma ya kira 112. Ko da ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, in yana tari ko numfashinsa ya canza ko barci yana fizgarsa, a kai shi asibitin gundumar Ada ta Gabas a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da matsala bayan awoyi. Tun kuna shigowa gari ku tambayi inda asibitin yake, kuma a ajiye motar inda ba wanda zai tare ta.

Kafin ki biya kuɗin ɗaki, ki kira masaukin ki tambaye su ko mota tana isa ƙofa, ko akwai shinge tsakanin ɗakuna da ruwa, ko suna da rigar ceto ta ƙananan yara, da kuma ƙarfe nawa teku zai cika a ranar da za ku zo. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. A gaida Inna da maigida.